Ƙaddara Ko Sakaci: Raunin Jarirai Wajen Haihuwa Da Neman Diyya



Ni malamin harshe ne, saboda haka ta ƙofar kalmomi zan shiga wannan magana. In an haifi jariri da hannu a shanye, ko kuwa ya yi wata da watanni wuyansa bai tsaya ba, me mutanenmu na Palladan da Samaru da Sabon Gari suke cewa? Wasu su ce shan inna ne, wasu su ce ɗan ruwa ne, mafi yawa kuwa su ce ƙaddara ce. Duk ukun nan sun taru a kan abu guda, watau babu wadda ta bar gurbin a tambayi ɗan Adam abin da ya aikata. Alhali kuwa Hausa ba ta rasa kalmomin tuhuma ba. Muna da kuskure, da sakaci, da ganganci, muna kuma da diyya. Abin da nake son in nuna a yau shi ne, yarda da ƙaddara ba ta hana neman hakki.

Yadda raunin yake aukuwa

Likitoci sun bayyana cewa in naƙuda ta yi tsawo, ko cibiya ta matse, iska takan yanke wa ƙwaƙwalwar jariri, ya tashi ba ya iya sarrafa gaɓoɓinsa, wani lokaci har da farfaɗiya. In kuma kai ya fito kafaɗa ta maƙale, aka ja da ƙarfi, jijiyoyin da suka sauko daga wuya zuwa hannu sukan tsinke ko su saki, hannun ya shanye. Haka nan shawarar da kan kama jariri a kwanakin farko, in aka bar ta ta yi tsanani, takan taɓa ƙwaƙwalwa.

Zariya tana da suna a wannan fage na ilmi. Tsakanin 1976 da 1979, tun asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Tudun Wada bai koma Shika ba, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774, aka buga sakamakon a 1985. Babban darasinsa shi ne, matan da ba su yi awon ciki ba, waɗanda sai da abu ya ɓaci aka kawo su, su ne suka fi mutuwa, su da jariransu. Ashe ke nan wani sakacin daga gida yake farawa: mai gida ba ya nan balle ya ba da izini, kunyar haihuwar fari ta hana yarinya magana, ungozoma tana cewa a ƙara haƙuri. Wanda zai nemi adalci, wajibi ne ya fara yi wa kansa.

Abin da shari'a ta ce

Masu ganin ƙarar likita baƙon abu ne da Turawa suka kawo, sai su koma ga littattafan fiƙihu. Ibn Rushd, malamin Malikiyya na Andalus wanda ya rasu a 1198, ya nuna a cikin Bidayatul Mujtahid cewa malamai sun haɗu a kan diyya tana hawa kan likitan da ya yi kuskure a aikinsa, wanda kuwa ya yi magani ba da sani ba, hukuncinsa ya fi tsanani.

A kotunan zamani, mai ƙara zai tabbatar da abu uku: cewa nauyin kula da shi yana wuyan likitan ko asibitin, cewa an gaza yin abin da ƙwararre mai hankali zai yi a wannan hali, sa'an nan cewa gazawar ce ta jawo raunin. Na ukun nan shi ne mai wuya, domin ba kowane rauni ne laifin wani ba. Alal misali, a Birtaniya wata mata mai suna Nadine Montgomery, mai ciwon sukari, ta haihu a 1999, kafaɗar ɗanta ta maƙale, ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Sai a 2015 Kotun Ƙoli ta can ta ba ta gaskiya, saboda ba a gaya mata haɗarin ba balle ta zaɓi a yi mata aiki, aka biya diyyar fam miliyan 5.25. Ku lura, shekara 16 ta yi tana jira.

A nan gida akwai hanyoyi biyu. Majalisar da ke kula da aikin likitoci ta Nijeriya tana iya bincike, ta dakatar da likita ko ta soke sunansa, amma ba ta ba da diyya. Diyya sai babbar kotu. To, a nan ne talaka kan yi tuntuɓe, domin akwai dokar kare ma'aikatan gwamnati wadda ta ƙayyade wata uku kacal don shigar da ƙara a kan hukuma. Akwai togaciya a cikinta da lauyoyi suka sani, amma dai wata uku, mai jego ba ta daɗe da gama wankan arba'in ba, balle a gane yaro ba ya zama. Saboda haka duk wanda ya ga alama, kada ya jira. Ya adana katin awo da takardun magani, ya rubuta lokacin da aka isa asibiti da lokacin da aka duba mai naƙuda, ya kai jaririn ga wani likitan yara, ya nemi shawarar lauya. Marar hali ya tuntuɓi Hukumar Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976. Har ila yau, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa, ko da wane dalili ne.

Kammalawa

Diyya ba za ta mai da hannun da ya shanye ba. Amma ita ce kuɗin gashin ƙashi, da keken zama, da makaranta, da abincin yaron bayan iyayensa sun kau. Ku ma'aikatan gwamnati, fayil ɗin da kuka adana yau shi ne shaidar maraya gobe, shi ne kuma garkuwar likitan da ya yi aikinsa tsakani da Allah. Ku kuma ɗalibai, in kun koma unguwanninku kuka ji an ce ɗan ruwa ne, ku tambaya cikin ladabi: awa nawa uwarsa ta yi tana naƙuda, wa kuma ya duba ta?

Allah ya sauki matanmu lafiya, amin.