Masu Kula da Numfashi



Da hunturu ya shigo, tari sai ya cika Gyallesu. Ga mai asma yana haki. Ga jariri ƙirjinsa na lotsawa, uwa ta rasa inda za ta sa kanta.

Na'urar taimakon numfashi ba ta aiki sai a hannun gwani. A Amurka, kula da numfashi fanni ne da ake karantawa a jami'a. Mu fa?

Muna da asibitin koyarwa a Shika. Muna da cibiyar tarin fuka a Saye. Wurin koyo dai akwai shi. Jami'ar Ahmadu Bello, don Allah a buɗe mana wannan kwas. Ɗalibai, ku dage da kimiyya tun daga sakandare.

Mu kwana nan.