Allurar Sabunta Gwiwa: Gaskiyarta da Iyakarta

Shirinmu na yau na masu ciwon gwiwa ne: dattijon da ya koma salla a kan kujera, da uwar da sai ta dafa bango take miƙewa daga tabarma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da amosanin gaɓɓai, kuma gwiwa ya fi kamawa.

A mahaɗar ƙasusuwa akwai guringuntsi mai santsi da ke hana su gugar juna. Ba shi da jijiyar jini, shi ya sa idan ya cinye da wuya ya farfaɗo. A nan ne allurar da ake ce tana sabunta gaɓa ba tare da tiyata ba ta samu kasuwa.

Wadda ta fi tashe ita ce PRP. Za a ɗebi jininka a hannu, a sa a na'ura ta juya shi da gudu har ya rabu, jan ya kwanta ƙasa, ruwa mai ɗorawa-ɗorawa ya taso. Wannan ruwan, da ke cike da ƙwayoyin da ke tsayar da jini idan ka yanke, shi za a tsira maka a gwiwa. 'Yan wasa irin su Tiger Woods da Rafael Nadal sun yi ta, sai ta ƙara suna. Akwai kuma ta ƙwayoyin asali da ake zuƙowa daga ɓargo ko kitse, wadda ta fi tsada.

To tana aiki? Wasu bincike sun nuna sauƙi na 'yan watanni. Amma a 2021 an fitar da sakamakon wani gwaji a Ostareliya kan mutum 288. Rabi aka yi musu PRP, rabi ruwan gishiri zalla, ba wanda ya san abin da aka tsira masa. Bayan wata 12, ba wani bambancin kirki a raɗaɗi, kuma hoto bai nuna guringuntsi ya ƙaru ba. Tun 2019 ƙungiyar likitocin amosani ta Amurka ta ba da shawarar kada a yi PRP ko allurar ƙwayoyin asali don amosanin gwiwa da ƙugu.

Abin da ke ci mini rai shi ne a ce wa tsohuwa za ta samu sabuwar gwiwa, ta sayar da awakinta. Duk wanda ya yi miki wannan alkawari, Hajiya, tambaye shi: allura nawa, kuɗi nawa, kuma in ba ta yi ba sai me? Ki tabbatar likitan ƙashi ne, don allurar da ba tsabta tana iya sa gaɓa ta yi mugunya.

Abin da aka tabbatar yana taimako ba shi da tsada. Ƙarfafa naman cinya: ka zauna a kujera, ka miƙar da ƙafa, ka ƙirga goma, ka sauke a hankali. Sai rage ƙiba, domin kowane kilo ɗaya da ka zubar kusan kilo 4 ka sauke wa gwiwa a kowane taku.

Masu sikila kuwa, ciwon ƙugu da ya ƙi tafiya yana iya zama jini ne ya daina isa kan ƙashin cinya. A hanzarta zuwa asibitin ƙashi, irin na Dala a Kano, a ɗauki hoto. Gwiwar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi ma, a ranar za a kai ta asibiti.