Da a ce Kasuwar Kurmi kwamfuta ce

 Masu cewa data ba ta isarsu su saurari shiri, ga na wannan makon a rubuce kamar yadda muka saba. Yau dariya za mu yi, amma ku daure ku kai ƙarshe, don akwai wani laifi nawa da nake so in faɗa da bakina.

Makon jiya ina zaune a rumfar kawuna a Kurmi, wajen masu kayan fata, sai ga wani abokina da ya karanta kwamfuta ya zo ya same ni. Ya buɗe kwamfutarsa a kan cinya, allon baƙi ƙirin, ba hoto ba komai sai rubutu, amma mutumin nan sai ƙyalƙyala dariya yake shi kaɗai. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai, abokin nan naka lafiya kuwa?"

To ga abin da yake karantawa. Akwai manhajar da ake kira Linux, wadda ta samo tsarinta daga wata tsohuwa mai suna Unix. A cikinta ba lallai sai ka danna hoto ba, rubuta wa kwamfuta umarni kake yi. In ka rubuta ls, sai ta jero maka fayilolin da ke wurin. In ka manta yadda wani umarni yake aiki, sai ka rubuta man, ka bi shi da sunan umarnin, shafin bayaninsa ya fito. Ken Thompson da Dennis Ritchie ne suka fara rubuta waɗannan shafuka a Bell Labs ta Amurka, littafin farko ya fito a Nuwamban 1971. Kuma tsarinsu kusan ɗaya ne har yau: sunan umarni, yadda ake kiransa, bayani, zaɓuɓɓuka, abin da za ka ƙara dubawa. Sai wani sashe da suka sa wa suna BUGS, wato ƙwari, inda wanda ya rubuta shirin yake faɗar aibin aikinsa da kansa. A littafin farkon nan har da layin da ke faɗar mai shirin, don a san wanda za a tunkara. Ku riƙe waɗannan biyun: aibi da suna.

Shafukan kuma kashi-kashi ne. Kashi na 1 na umarnin kowa da kowa, na 6 na wasanni, na 8 na masu kula da na'urar, manya kenan.

Ku kun san ɗan Adam, duk abin da ya cika ɗaure fuska sai an tsokane shi. Sai masana kwamfuta suka riƙa rubuta irin waɗannan shafuka ga umarnin da babu su sam. Har an tara wasu a wani ƙunshi na Debian mai suna funny-manpages. Akwai wani shahararre da ake kira lart, wanda aka yi masa bayani tiryan-tiryan kamar da gaske, alhali kulki ake nufi, na gyara wa mai damun ma'aikacin kwamfuta zama. Wani ɗan Japan kuma, Toyoda Masashi, a 1993 ya yi shiri na gaske mai suna sl, don masu gaggawar da ke juya ls. Kana yin kuskuren, maimakon fayilolinka sai jirgin ƙasa ya ratsa allonka yana hayaƙi, kai kuma dole ka jira ya wuce. A sashen ƙwarinsa sai aka ce aibinsa shi ne wani lokaci can ba a rasa ba yakan nuna maka fayilolin. Masu kiwon tantabaru ma ga naku: ran 1 ga Afrilun 1990 David Waitzman ya fitar da takardar ƙa'ida kan yadda za a aika saƙon intanet a ƙafar tantabara. A 2001 wasu a garin Bergen na Norway suka gwada da gaske. Saƙo 9 suka aika, 4 suka dawo. Wallahi akwai ranar da netwok ɗin cikin Kurmi bai kai haka ba.

Sai na ce da abokina, ai Kurmi ma na'ura ce. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, take aiki, shekara fiye da 500 ba a kashe ta an kunna ba. Tana da umarninta, sai dai ba wanda ya rubuta musu shafi. Muka yagi bayan kwali muka fara. Ga na farko.

taya(1)
SUNA: taya, faɗin kuɗin da kai ma ka san ba za a sallama maka ba.
YADDA AKE KIRA: taya [-tafiya] [-ɗangari] [-rantsuwa] kaya
BAYANI: Mai kaya zai ce dubu 20. Kai ka ce dubu 6. Ya ce albarka. Daga nan shirin zai yi ta zagayawa har sai ɗayanku ya gaji ko an kira sallah.
-tafiya: Ka juya kamar za ka wuce. In ka yi taku bakwai ba a kira ka ba, kuɗin gaskiya aka faɗa maka, ka dawo da kunyarka.
-ɗangari: Ka ce kai ma ɗan cikin ganuwa ne. Ba ya aiki in ka shigo kana tambayar hanyar fita.
-rantsuwa: Malamai sun hana. Ɓangarorin biyu duk suna amfani da shi.
ƘWARI: In mai kaya ya ce "kawo kuɗin" a tayin farko, shirin ya yi nasara, amma ranar ba za ka yi barci ba.
DUBA KUMA: albarka(1), gyara(1), la'ada(1).

Na biyu, telolinmu ku yi haƙuri.

gobe(1)
SUNA: gobe, ranar da za a gama ɗinkinka.
BAYANI: Yana ɗaukar ranar yau ya ƙara mata ɗaya. In ka dawo ya sake ƙarawa.
-sauramaɓalli: Ma'anarsa ba a yanka yadin ba.
-wuta: A ɗora wa rashin wuta laifi, ko da keken na ƙafa ne.
ƘWARI: Daren sallah shirin yakan ɗauke gaba ɗaya, wayar tela ma haka.

Na uku.

alat(1)
SUNA: alat, saƙon da ke tabbatar da an turo maka kuɗi.
BAYANI: Mai saye zai nuna maka wayarsa, an cire masa. Kai ka duba taka, shiru. Ku zauna a benci ɗaya, ku san sunan juna da garin juna, har ka saya masa ruwa.
-natura: Ba ya canza komai, amma ana maimaita shi.
ƘWARI: Yakan shigo bayan an tashi kasuwa. Wani lokaci na bogi ne.

Wannan na ukun dariyarsa da ɗaci. Duk wanda yake kasuwa a farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000 kuɗi suka ɓace a hannu, ya san dattijan da ba su da asusun banki sun wuni da kaya a gabansu ba ciniki.

Sai muka zo kan manya.

alkawari(8)
SUNA: alkawari, abin da ake zuwa da shi unguwa.
YADDA AKE KIRA: alkawari [-kwata] [-ruwa] [-aikinyi] unguwa
BAYANI: Yana tashi da kansa sau ɗaya a shekara huɗu. Duk zaɓin da ka sa, abin da ke fitowa taliya ce da atamfa.
ƘWARI: Babu.
MAI SHI: Ba a same shi ba, a sake gwadawa.

Abokina ya ce ai kuskure muka yi, wannan a kashi na 6 ya kamata ya zauna, wajen wasanni. Ni kuma na tuna masa cewa kashi na 8 ba baƙo ba ne a Kano. Shehu Al-Maghili ya zo garin nan ya rubuta wa Rumfa littafi sukutum kan abin da ya wajaba a kan sarakuna. Bayanin aikin shugaba mun daɗe da shi a rubuce, karantawar ce dai.

Duk wannan kawu yana ji, yana ɗinkin jaka. Ya sa muka sake karanta masa na tela, ya yi dariya har da share hawaye. Sai ya ajiye basilla ya ce, "To ɗan nan, na ji na tela, na ji na ɗan siyasa. Ina naku?"

Na ce, "Namu kamar yaya, Kawu?"

Ya ce, "Ku masu riguna iri ɗaya. Na damina."

Jama'a, nan fa dariya ta ƙare min. Ga abin da ya faru. Daminar bara ni da abokan gwagwarmayata muka shirya gangamin yashe kwata a wani lungu na kasuwar, ta wajen Jakara. Wanda ya san Kurmi ya san lungunanta ƙanana ne, kwata na toshewa ruwa sai cikin rumfuna. Niyyarmu mai kyau ce. Muka buga riguna, muka aro shebur da manjagara da baro, muka yi aiki tun safe har azahar. Muka tsamo laka da leda muka tara a bakin hanya. Ni da bakina na ce wa masu rumfunan wajen kada su damu, gobe za a zo a kwashe. Muka yi hotuna, muka sa a Facebook, aka yi ta sa mana albarka.

Ba a zo an kwashe ba. Kuɗinmu ya ƙare a riguna da abinci, ni kuma na dogara da wani da ya ce zai ba mu mota, ban sake bibiya ba. Kwana biyu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tarin nan ya koma cikin kwatar, ya toshe ta fiye da da, ruwa ya shiga rumfar wani dattijo maƙwabcin kawu ya jiƙa masa fatu. Na ji labari a lokacin. Na yi shiru. Hotunanmu kuwa suna nan, har yau ba wanda ya ƙara layi ɗaya a ƙasansu. Wato ni ma gobe(1) na kira, har da -sauramaɓalli.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na san tarihin kasuwar nan. Wani Baturen Birtaniya, Hugh Clapperton, ya zo Kano a 1824 ya rubuta abin da ya gani. Ya ce in ka sayi riga ko turkuɗi a kasuwar Kano, ka kai har Borno ka kwance ka tarar da aibi, mayar da shi ake yi, saboda an rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin. Dillali ya nemo mai kaya, mai kaya ya mayar da kuɗi. Kun gani? Aibi da suna. Abin da su Thompson suka sa a shafinsu a 1971, kakanninmu suna sa shi a ƙunshin tufa shekara 147 kafin nan. Da shi Kurmi ta samu amanar fatake daga nesa. Mu kuma da muka je jami'a, muna ta ihun a ba matasa dama, har aka sa hannu a dokar rage shekarun takara a 2018, ɗan shekara 25 zai iya neman majalisa. Madalla. Amma in tun a yashe kwata ba za mu iya cewa "ni ne, kuma ga inda na kasa" ba, to alkawari(8) kawai za mu gada, mu sauya masa hoto.

Don haka na karɓi kwalin na rubuta na ƙarshe a gaban kawu.

gangami(8)
SUNA: gangami, taron matasa don gyara gari.
YADDA AKE KIRA: gangami [-riga] [-hoto] [-kwashewa] matsala
BAYANI: Yana ɗauke matsala daga inda take ya ajiye ta a gefe.
-riga: Yana cinye rabin kuɗin.
-hoto: Kullum a kunne yake, ba a iya kashe shi.
-kwashewa: Ba a gama rubuta wannan ba.
ƘWARI: Ba a tambayi masu rumfa ta ina ruwan yake bi ba. Ba a tanadi kuɗin kwashe shara kafin a tsamo ta ba. Da abin ya ɓaci, an yi shiru shekara guda.
MAI SHI: Ni, mai wannan magana.

Kawu ya ce in karanta. Na karanta. Ya ce, "To tashi mu je." Ya kai ni rumfar dattijon nan, na durƙusa na ce, "Baba, ni ne na ce za a kwashe, kuma ban dawo ba. A yafe min." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce ya yafe, amma in za mu sake, mu zo mu tambaye shi, shi ya san inda ruwan yake juyawa tun ba a haife mu ba. Maganar asararsa kuma mun zauna da abokaina, mun fara haɗa abin da za mu iya.

Mun kuma yanke shawara ɗaya. Daga yau duk aikin da muka sa a shafi, a ƙasan hoton za a ga layi biyu: wanda ya ɗauki nauyi, da abin da bai yi daidai ba. In kun ga mun sa hoto babu su, ku tambaye mu, kada ku ji nauyi.

Ku ma ga aiki. Ku zaɓi umarni ɗaya na unguwarku ko makarantarku ko gidanku, ku rubuta masa shafi da Hausa ku turo mana, za mu karanta waɗanda suka fi ban dariya a shiri na gaba. Wani ya riga ya ce zai yi inazuwa(1), wata kuma ta kama ankon biki. Sharaɗi ɗaya ne: kafin ka rubuta na wani, ka rubuta naka, kuma kada ka bar wajen ƙwari fayau.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.