KUNUN HATSI DA MADARA: A MURHU KO A TUKUNYAR LANTARKI

Muna gaishe ku duka, musamman mutanen gundumomin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, cikin jihar Tawa. Wanda ya ji wannan hira a rediyo, ga ta a rubuce. Ku karanta sannu-sannu. Wanda ya ƙware ya taimaki na kusa da shi.

Yau hirarmu a kan kunun hatsi da madara ce. Wani zai ce: "Kunu ma sai an koya mana?" Gaskiya ne, tun kaka da kakanni muke shan kunu. Amma dalili biyu ya sa muka ɗauko maganar. Na farko, wata sabuwar tukunya ta fara shiga gidajenmu. Na biyu, yara da yawa suna ramewa daidai lokacin da aka fara ba su kunu. Mu ga abin da ya kawo haka.

HATSI DA MADARA ARZIKINMU NE

Hatsi, wato gero, shi ne abincinmu na kullum. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi noman hatsi a duniya, tare da Indiya. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta keɓe shekarar 2023 domin girmama hatsi da danginsa. Hatsi yana ba da ƙarfin aiki. Yana kuma da sinadarin ƙarfe mai gyara jini.

Madara kuwa tana gina jiki, tana ƙarfafa ƙashi da haƙori. Muna da shanun Azawak masu yawan nono. Muna da jajayen awakin Maraɗi. Wanda ya taɓa cin kasuwar Badagishiri ya san Allah ya ba mu dabbobi. In hatsi ya haɗu da madara, an sami abinci mai kyau ga yaro da tsoho, da mai ciki, da mai shayarwa, da mai jinya.

MECE CE TUKUNYAR LANTARKI?

Tukunya ce mai aiki da wutar lantarki. Ba ta son itace, ba ta son gawayi, ba ta hayaƙi. Tana da gida na waje da ƙaramar tukunya ta ciki wadda ake cirewa a wanke. A ƙarƙashi akwai faranti mai zafi, da wani ɗan ƙarfe mai auna zafin. In abinci ya nuna, ita da kanta take rage wuta. Kamfanin Toshiba na ƙasar Japan ya fara sayar da irinta ta dafa shinkafa a 1955. Na yanzu suna dafa shinkafa da wake da nama da kunu.

Ƴan kasuwa suna kawo ta daga Sakkwato da Kano da Yamai. Masu dawowa daga ci-rani kuma suna kawo wa matansu tsaraba. Garuruwa irin su Ƙonni da Malbaza da Galmi da Illela suna da wuta. A Malbaza ne aka buɗe tashar wuta mai aiki da hasken rana a 2018, mai ƙarfin megawat 7.

Ga inda karatunku zai yi muku rana. Kafin ku saya, ku juya tukunyar ku duba gindinta. Akwai lambobi a rubuce. Wutar ƙasarmu 220 ce. In kun ga 220 ko 230, ta yi daidai. In kun ga 110 ko 120 kaɗai, ta ƙasar Amurka ce, kada ku saya, za ta ƙone.

ABIN DA ZA A TANADA

A sami kofi mai cin kwatan lita, wato kofi 4 su cika lita 1. Da shi za a auna kome:

Tsakin hatsi, kofi 1
Ruwa mai tsabta, kofi 3
Madara, kofi 2
Man shanu, cokali 1
Gishiri kaɗan

Wannan awo ya ishi mutum 4.

YADDA AKE DAFAWA

1. Uwargida, ki wanke hannu da sabulu.
2. Ki surfa hatsi, ki bakace, ki wanke, ki rege tsakuwa. In ya sha iska ki ɓarza shi ya zama tsaki.
3. Ki tafasa madara dabam, ki rufe, ki ajiye.
4. Ki shafa man shanu a bangon tukunyar ciki, wajen sama, ki kewaye. Wannan yana rage tashin kumfa.
5. Ki zuba tsaki da ruwa da gishiri, ki motsa. Kada kayan su wuce rabin tukunya.
6. Ki rufe, ki danna maɓallin kunu. Rubutun maɓallan da Faransanci yake ko Ingilishi. Ki sa ɗan makaranta ya nuna miki sau ɗaya, ki yi masa alama. Lambobin minti kuwa ke ma kin iya su. Ki sa 25.
7. In lokaci ya cika, ki buɗe, ki zuba madara, ki motsa da ludayin itace domin kada ya yi gudaji. Ki ƙara minti 10.
8. Ki cire waya daga bango. Ki bar kunu ya huta minti 5, sa'an nan ki kwashe.

In nono mai tsami gare ki, kada ki dafa shi, zai tsinke. Ki ƙara ruwa kofi 1 wajen dahuwa. In kunu ya huce, sai ki zuba nonon ki dama.

HATTARA DA ABU BIYAR

Na 1: Kada a motsa da cokalin ƙarfe. Yana kankare cikin tukunya.
Na 2: Kada a tsoma gidan waje cikin ruwa. Ta ciki kaɗai ake wankewa, a goge bayanta ya bushe kafin a mayar.
Na 3: Kada a taɓa waya da jiƙaƙƙen hannu.
Na 4: Akwai irin da murfinta yake kullewa, tana tara tururi. Ita ba a buɗe ta sai tururin ya fita duka. Kumfar kunu tana iya toshe ƙofar tururin, saboda haka a wanke wurin kullum.
Na 5: A ɗora tukunya a bisa tebur, nesa da hannun yara.

DON ME AKE TAFASA MADARA?

Ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta ko da saniyar tana da ƙiba. Akwai tarin fuka na shanu. Akwai kuma ciwon da yake sa dabbobi ɓari, wanda yake sa mutum zazzaɓi mai daɗewa da ciwon gaɓoɓi. Ido ba ya ganin waɗannan ƙwayoyi, amma tafasa tana kashe su. Rigakafi ya fi magani.

Ku tuna da zafin bazara. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a yankinmu. Kunun madara ba ya jure ajiya. In ya yi awa 2 a ajiye ya huce, kada a ba yaro sai an sake tafasa shi. In ya canja wari, a zubar.

KUNUN YARO

Yanzu mun zo ga babbar magana. Daga haihuwa har wata 6, jariri ba ya bukatar kome sai nonon uwa, ko ruwa ba a ba shi. In ya cika wata 6 sai a fara kunu, a ci gaba da ba shi nono har shekara 2.

Cikin yaro ƙarami ne. Kofi ɗaya ya cika shi. In kunun tsararo ne, ruwa ya cika cikin, abincin kaɗan ne. Uwa tana ganin ya ƙoshi, alhali jikinsa bai sami abin da yake so ba. Ta nan tamowa take shiga.

Ga gwaji mai sauƙi. Ki ɗebi kunu a cokali, ki karkata shi. In ya zube kamar ruwa, bai yi ba. In ya tsaya yana sauka a hankali, ya yi.

Ga ƙaramin yaro, ki yi da garin hatsi mai laushi a maimakon tsaki. Kada ki sa yaji, kada ki cika sukari. Ba a ba yaro zuma sai ya shekara 1. Ki ƙara cokali 1 na niƙaƙƙiyar gujiya, wato gyaɗa, wadda aka soya, ba mai fumfuna ba. Ko ki sa ɗan garin zogale, ko mai cokali 1.

Wata 6 zuwa 8: a fara da cokali 2 ko 3, a riƙa ƙarawa har rabin kofi, sau 2 ko 3 a yini.
Wata 9 zuwa 11: rabin kofi, sau 3 ko 4.
Shekara 1 zuwa 2: kusan kofi cike, sau 3 ko 4, tare da abincin gida.

A ba yaro da cokali, a cikin kwanonsa shi kaɗai, domin a ga abin da ya sha. In yana ramewa, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko zawo ya kama shi, a kai shi gidan likita ba da jinkiri ba.

Maigida, kai ma da aikinka. In an tatsi saniya, a fid da rabon yara kafin a kai kasuwa. In an buɗe rumbu, a tuna da mai shayarwa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

IN BABU WUTA FA?

Ƙauyuka da yawa ba su da wutar lantarki. A gari ma ana ɗauke ta. Kada wanda ba shi da wannan tukunya ya damu, kada kuma ya ci bashi dominta. Awon nan ɗaya ne a kan murhu. A tafasa ruwa, a zuba tsaki, a rage wuta, a riƙa motsawa har ya nuna, sa'an nan a zuba madara. In an ɗauke wuta ana cikin dahuwa, a juye a tukunyar murhu a ƙarasa nan take. Tukunyar lantarki tana hutar da mace daga hayaƙi da neman itace. Amma awo da tsabta da kaurin kunu suna hannun mai dafawa.

AIKIN AJI

1. Kofi 1 na tsaki yana son ruwa kofi 3 da madara kofi 2. In za a dafa kofi 2, ruwa kofi nawa, madara kofi nawa?
2. Lita 1 kofi 4 ce. Madara kofi 2 lita nawa ke nan?
3. Wace lamba za ku nema a gindin tukunya?
4. Yaya ake gane kunun yaro ya yi kauri?
5. Ku rubuta a littafinku: Kunu mai kauri, yaro mai lafiya.

Ku tattauna waɗannan tambayoyi tare da malaminku. Abin da kuka koya ku gaya wa maƙwabta. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.