Ilmin Da Ke Neman Gidansa

Akwai wani fanni a jami'o'in duniya wanda masu shi suka daɗe suna gardama a kan asalinsa, watau nazarin yadda ma'aikatu da kamfanoni ke sarrafa bayanai da kwamfuta. Masana kwamfuta suna ganin harkar kasuwanci ce, malaman kasuwanci kuwa suna cewa aikin injiniya ne. Ya zama tamkar jemage, shi ba tsuntsu ba, shi ba dabba ba.

A shekarar 2003 Izak Benbasat da Robert Zmud suka yi gargaɗi a mujallar MIS Quarterly cewa fannin zai rasa kamanninsa muddin ya kau da kai daga na'urar kanta.

A ƙasar Sin kuwa hukuma ce ta yi masa masauki. A shekarar 1998 Ma'aikatar Ilmi ta haɗe darussa 5 suka zama digiri guda. A Jami'ar Sun Yat-sen ta birnin Guangzhou, wadda aka kafa a 1924, sai aka zaunar da shi tsangaya ɗaya da ilmin ɗakin karatu da na adana takardun tarihi.

Ba ƙaramar magana ba ce, domin gidan da aka ajiye fanni shi ke nuna wanda zai auna binciken malami, da kuma aikin da ɗalibi zai samu.