YAYE DA ABINCIN YARO: JAWABI GA MANOMAN RANI NA KUMBOTSO, KURA DA BUNKURE

   

Kun saba in na tsaya a gabanku, maganar iri ce, ko ta taki, ko ta rabon ruwa. Yau kuwa da maganar cikin gida na zo, watau yadda za a fara ba jariri abinci har a kai shi ga yaye lafiya. Wani zai ce, ina ruwan malamin gona da goyo, ai wannan sha'anin mata ne. To, mace ba ta dafa sai abin da maigida ya ajiye mata. Abin da yaro ke bukata kuwa, kusan dukkansa daga gonakinku yake fitowa.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya iso Kadawa da Kura da Bunkure, ƙasar nan ba ta rasa ɗanyen ganye, rani da damina. Muna noma shinkafa da alkama da masara da tumatir da albasa, motoci suna lodi a Kwanar Gafan suna yin kudu. Amma duk da haka, sai ka shiga gidan manomi ka iske yaro ɗan shekara ɗaya ya rame, gashinsa ya yi ja, ba ya ko wasa. Wannan ita ce tamowa.

Bara waccan, lokacin tsinkar tumatir, abin ya sami wani manomi da muke aiki tare. Ɗansa yana da shekara ɗaya da wata huɗu uwar ta sami ciki. Rana ɗaya aka cire shi daga nono, aka kai shi wurin kakarsa. Yaro ya yi fushi ya ƙi abinci, sai koko tsararo yake ɗan kurɓa. Gudawa ta kama shi, ƙafafu suka kumbura. Sai da suka yi sati uku a asibiti a Kano. Allah Ya sa yaron ya tashi, amma kuɗin tumatir ya tafi, gona kuma ta sha ƙishi don ba mai ban ruwa. A cikin gidan nan akwai buhun wake, akwai gyaɗa, akwai kaji masu ƙwai. Rashin sani ne ya jawo, ba rashin abinci ba.

YAYE KAMAR DASHE NE

Kowannenku ya san ba a tumɓuke tumatir daga wurin reno da tsakar rana a kai shi fili. Sai an rage masa ruwa sannu a hankali ya yi ƙwari, a gyara kwamin da zai shiga, a dasa da yamma. Haka yaye yake. Ba aikin rana ɗaya ba ne. Daga wata shida ake fara shi, a gama shi a shekara biyu. Kuma kamar yadda takin da aka zuba wa shinkafa bayan ta fid da kai ba ya mayar da abin da ta rasa, haka yaron da ya tsumbure kafin shekara biyu, da wuya ya cimma tsararrakinsa a tsawo, kuma abin yakan taɓa har karatunsa.

KAFIN WATA SHIDA: NONO ZALLA

Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawara cewa jariri ya sha nonon uwa zalla har wata shida, sannan a haɗa masa da abinci, a ci gaba da nono har shekara biyu ko fiye. Malamanmu kuma sun sanar da mu cewa shekara biyu cikakku Alƙur'ani ya ambata ga mai son cika shayarwa. Ashe ke nan ba saɓani.

Zalla kuwa, ana nufin ba koko, ba jiƙo, ba ko ruwa, har a zafin bazara. Mafi yawan nono ruwa ne. In jariri na jin ƙishi, a ƙara ba shi mama, ita kuma uwar ta sha ruwa ta ci ta ƙoshi. Magani da ɗigon rigakafi na asibiti ba sa cikin wannan hani.

DAGA WATA SHIDA

A wata shida nono kaɗai ya daina isar yaro, musamman wajen abin da ke gina jini. Za ku ga yana iya zama in an tallafe shi, yana bin loma da ido, yana miƙo hannu. Ga yadda ma'aikatan lafiya suka tsara:

1. Wata 6 zuwa 8: sau biyu ko uku a rana. A fara da babban cokali biyu ko uku, a riƙa ƙarawa har ya kai rabin kofi. Abincin ya zama mai laushi, an dama ko an murje shi sosai.

2. Wata 9 zuwa 11: sau uku ko huɗu a rana, rabin kofi kowane ci. A yanka masa abu ƙanana yadda zai ɗauka da hannunsa.

3. Shekara ɗaya zuwa biyu: sau uku ko huɗu a rana, kashi uku cikin huɗu na kofi har zuwa kofi guda. Yanzu yana iya cin tuwo da miyar gida, in ba yaji.

Kofin da ake nufi shi ne mai cin rubu'in lita, watau rabin abin da ke cikin ledar ruwan sayarwa. Tsakanin ci da ci, a ba shi ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu, kamar gwanda, ko ayaba, ko dafaffen dankali. A duk wannan lokaci nono na nan, dare da rana.

KUNU YA YI KAURI

Babban kuskurenmu shi ne koko mai ruwa-ruwa. Cikin yaro ƙarami ne. In aka cika shi da ruwa, ya ƙoshi a ido, amma jiki bai sami komai ba. Ga gwaji mai sauƙi: a ɗebi kunun a cokali a karkata. In ya zube kamar ruwa, bai yi ba. In ya tsaya yana sauka a hankali, ya yi. A ƙara masa ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja, don mai yana ba da ƙarfi ba tare da ya cika ciki ba.

GARIN YARO DAGA RUMBUNKU

Hatsi kaɗai, ko gero ne ko dawa ko masara, ƙarfi yake bayarwa. Wake da waken suya da gyaɗa su ke gina tsoka. In aka haɗa su, kowanne sai ya cike giɓin ɗan'uwansa. Ga haɗin da wasu ke kira Tom Brown. Da kowane irin ma'auni za a iya yi, mudu ko gwangwani:

Hatsi, awo 6
Waken suya, awo 3
Gyaɗa, awo 1

a) A tsince kowanne, a fid da tsakuwa da ruɓaɓɓe.
b) A jiƙa waken suya ya kwana, a murje ɓawon, a wanke, a shanya ya bushe sarai. Hatsin ma a wanke a shanya.
c) A soya kowanne daban, sama-sama, har ya yi ƙamshi. Kada ya ƙone. Ɗanyen waken suya yana da wani abu mai hana narkewar abinci, wuta ce ke kashe shi, saboda haka kada a tsallake suyar nan.
d) A haɗa a kai inji, a tankaɗe, a zuba a mazubi mai murfi. Kada a niƙa mai yawa ya daɗe ya yi maƙaƙi.
e) Wajen damu, a kwaɓa da ruwan sanyi mai tsabta, a zuba a tafasasshen ruwa, a bar shi ya dahu sosai ana motsawa.

Wanda ba shi da waken suya ya sa farin wake. Mai neman irin masara da ta fi gina jiki ya tambayi SAMMAZ 14, wadda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar.

ABIN DA ZA A ƘARA

Gari kaɗai bai isa ba. Kowace rana a yi ƙoƙari yaro ya sami wani abu daga dabba: dafaffen ƙwai, ko dakakken busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, ko 'yar hanta, ko kindirmon da aka yi da dafaffiyar madara. Maganar cewa ƙwai yana sa yaro sata, ba ta da tushe. Ƙwai guda da aka ba yaro ya fi wanda aka kai kasuwa amfani a gida.

Sai ganye da kayan marmari masu launin ja ko ruwan ɗorawa: zogale, alayyafo, kabewa, karas, gwanda, mangwaro. Su ke kare ido, su taimaki jiki wajen yaƙi da cuta. Akwai kuma dankalin Hausa mai jan ciki, irin wanda cibiyar bincike ta Umudike ta fitar, yana yi sosai a ƙasar ban ruwa.

Roƙona gare ku shi ne, kowa ya ware kwami biyu ko uku a gefen gonarsa ya ce wannan na yara ne, ba na kasuwa ba. A sa alayyafo da karas da dankali, a dasa zogale a jikin shinge. Ranar da aka auna wake da gyaɗa, a fid da rabon yaro tun kafin dillali ya zo.

ABUBUWAN DA ZA A KIYAYE

1. Kada a ba yaro zuma kafin ya cika shekara ɗaya. Takan ɗauki wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya da ita ba.
2. Kada a ba shi shayi. Yana hana jiki ɗaukar abin gina jini. Lemon kwalba da alewa kuma kashe masa cin abinci suke yi.
3. Kada a ba shi gyaɗa ko aya guda-guda, don kada ta shaƙe shi. A niƙa.
4. Kada a yi masa ɗura, a toshe masa hanci. Kunu yana iya bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu. A lallashe shi da cokali. In ya ƙi sabon abu yau, a sake gwadawa gobe da jibi.
5. A ba shi kwanonsa daban. In aka haɗa shi da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun sharce.

INDA AIKIN GONA YA SHIGO

Nan ne fannina, ku saurara da kyau. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna suna ɗauke da guba mai lalata hanta da hana yaro girma, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A shanya amfani a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa ba, ya bushe sarai kafin a ɗura. Gyaɗar da ta motse, ko ta canza launi, ko take ɗaci, a zubar. Kada a ce wannan ta gida ce, mai kyau ta kasuwa.

Waken da za a ci a gida, a adana shi a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, ko a jarka mai murfi da iska ba ta shiga. Ƙwari za su mutu ba tare da an sa magani ba. Irin shuka da aka cuɗa da magani, ba na ci ba ne ko an wanke.

In kun yi feshi, ku duba kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar, kada a tsinki ganye ko tumatir kafin su cika. Galan ɗin maganin feshi ba ya zama na ruwan sha har abada. A huda shi, kada wani ya ɗauka. Wanda ya dawo daga feshi ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya ɗauki yaro.

Ruwan kanal na shuka ne. Ba a dama kunun yaro da shi, ba a wanke kwanonsa da shi. Ruwan da yaro zai sha a tafasa shi, a rufe. A wanke hannu da sabulu kafin a dama, kafin a ba shi, da bayan an yi masa tsarki. Kunun da ya wuce awa biyu a ajiye, sai an sake tafasa shi. Kofi da cokali sun fi bulumboti, don sun fi sauƙin wankewa.

IN YARO YA YI CIWO

Mukan ce gudawar haƙori ce, mu zauna jira. Haƙori ba ya kawo gudawa. Abin da ke faruwa shi ne, lokacin fitar haƙori ya zo daidai da lokacin rarrafe, yaro na kai komai baki. In gudawa ta zo, a ci gaba da nono da abinci, a ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, watau ORS, da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a kowace rana har sati biyu, ya mai da jikinsa.

In kun ga ƙafafu biyu sun kumbura, ko ya ƙi nono, ko idanu sun faɗa, ko jini a kashi, kada a kwana. A asibiti za su auna damtsensa da wani ɗan tsiri mai launi. In ya nuna ja, watau ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani, kuma akwai maganinta. Kada a manta da allurar ƙyanda a wata tara, da ɗigon bitamin A duk wata shida, daga wata shida har shekara biyar.

RANAR CIREWA

In shekara biyu ta gabato, a rage shan nono ɗaya-ɗaya, na rana tukuna, na dare daga baya, cikin 'yan makonni. Ba sai an shafa maɗaci ba, ba sai an raba shi da uwarsa ba. Yaron da ya saba da kwanonsa tun yana wata shida, da kansa yake sakin mama. In kuma ciki ya shiga ana goyo, nonon bai zama guba ba. Uwa ta je awo, ta ƙara cin abinci, ta ci gaba da shayarwa sai in ma'aikatan lafiya sun ce ta daina.

Wanda ya karɓi takardar nan ya kai ta cikin gida, a karanta wa uwargida da amarya, har da iyayenmu kakannin yara, don su ake jin maganarsu a kan goyo. Mai neman irin waken suya ko igiyar dankali mai jan ciki ya sami malamin gona na yankinsa kafin lokacin shuka.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa albarka a noman bana. Wassalamu alaikum.