Idan an rufe makaranta, wa zai buɗe wa yaro littafi?

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda 'yan'uwa waɗanda datarsu ba ta isa su saurari murya ba.

Yau kan ƙannenmu 'yan firamare zan yi magana, da yadda za mu taimaka musu su ci gaba da karatu daga gida idan an rufe makaranta. Na san wani zai ce, yo korona ai ta wuce, me kuma ya kawo wannan zance? Ka ɗan yi haƙuri, mu yi lissafi tare.

A ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka samu mutum na farko mai korona a Najeriya, can Legas. Kafin ƙarshen Maris an rufe makarantu. A watan Agusta aka bar 'yan ajin ƙarshe na sakandare suka koma saboda jarrabawar WAEC, amma 'yan firamare sun haura wata shida a gida. UNESCO ta ce rufewar ta shafi ɗalibai sama da biliyan 1.5 a duniya, wato ba mu kaɗai ba ne. To amma wasu an buɗe musu an wuce wurin. Mu fa? Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe, aka kwashe ɗalibai, sai 2 ga Maris aka sako 279. Aka rufe makarantun kwana. A watan Agusta aka shiga kwalejin noma ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka ɗebi ɗalibai a Kaya, cikin ƙaramar hukumar Maradun, gwamnati ta rufe makarantu a faɗin jiha, kwanaki kaɗan bayan haka aka katse layukan waya. Kun ga ke nan a ƙasarmu ta Mafara da Bakura da Maradun, zaman yaro a gida ba sai da annoba ba. Shi ya sa darasin korona bai tsufa a wurinmu ba.

Bari in ba ku labarin gidanmu. A 2020 ina jami'a, korona ta koro mu gida, ga yajin aikin ASUU da ya ɗauki wata tara. Akwai ɗiyar yayata, lokacin tana aji uku. Kafin a rufe makaranta tana iya haɗa baƙi da wasali, tana karanta gajerun kalmomi. Bayan kamar wata huɗu na rubuta mata "gida" a ƙasa, na ce karanta. Ta dube ni, ta dubi ƙasa, ta ce, "Kawu, na mance." Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Ni da nake taƙama da digiri, kullum ina kan benci a majalisa ina danna waya, yarinya a cikin gidanmu karatunta yana zubewa ban sani ba.

A lokacin ana ta turo mana adireshin darussa ta WhatsApp, wai a buɗe wa yara a intanet. Waya ɗaya ce a gida, tana aljihun maigida, shi kuma yana gona ko kasuwa. Cajin ma sai an biya. Jihohi irin su Kaduna da Legas sun sa darussa a rediyo da talabijin, kuma rediyo ya fi dacewa da mu, amma shi ma yaro ɗan shekara bakwai ba zai zauna gaban rediyo shi kaɗai ya koyi karatu ba. Sai da babba a gefensa. Babban nan kuwa mu ne, matasan da suka gama sakandare da NCE da jami'a muke zaune.

Ga abin da na gwada, kuma ya yi aiki.

Na farko, lokaci tsayayye. Rabin awa kullum bayan la'asar ya fi awa uku sau ɗaya a mako. Ku zauna da iyaye mata a tsayar da lokacin, domin idan ya ci karo da talla ko ɗebo ruwa, 'yan mata ne za su fara ɓacewa daga tabarmar. Na ce wa yayata, "Yaya, ki ara mini ita rabin awa kawai, tallan ba zai gudu ba." Ta yi dariya ta yarda.

Na biyu, yara kaɗan. Biyar ko shida, a waje inda iska ke kaɗawa. Lokacin annoba a ba da tazara, a ajiye buta da sabulu. Lokacin rashin tsaro kuma kada a tara yaran unguwa wuri ɗaya, kowane gida ya yi nasa a zaure ko tsakar gida.

Na uku, a fara da Hausa. Ba, be, bi, bo, bu, sannan a haɗa su su zama kalma. Yaron da ya iya karanta harshen da yake magana da shi, Turanci ba zai ba shi wuya sosai ba. Lissafi kuma ga tsakuwa, ga ƙwayar gyaɗa, ga canjin cefane: an aike ka da ɗari biyar, ka sayo na ɗari uku da hamsin, nawa za ka maido wa Inna? In babu littafi akwai gawayi da bango, akwai allo. Makarantar allo ma ai haka take tafiya tun kaka da kakanni, babba yana biya wa ƙarami.

Na huɗu, ku je wurin malamin firamaren garinku. An rufe makaranta, amma malam yana nan cikin gari. Ku gaishe shi, ku ce, "Malam, ina aka tsaya a aji biyu?" Zai nuna muku, kuma zai ji daɗi an tuna da shi.

Na biyar, ku yi tanadi tun ana da sabis. Ku sauke darussan murya da hotunan shafukan littafi a kan memori, a riƙa turawa ta Bluetooth ko Xender. Ranar da aka katse layi a 2021, abin da ke cikin waya kaɗai ya rage mana. Akwai kuma Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a 2022, mai data ya leƙa ya ɗebo wa marasa ita.

Iyayenmu da ba su yi boko ba, ku ma kuna da rawar takawa. Baba, ko ba ka san abin da ke takardar ba, ka ce wa yaro ya karanta maka da ƙarfi, ka tambaye shi me labarin ya ce. Yaro in ya ga ana sauraronsa, sai ya ƙara himma.

Abin da nake tsoro shi ne wannan: yaron da ya manta karatu yana jin kunyar komawa aji. Namiji ya bi gona ko haƙar zinari, mace a ce ai ta girma, a fara maganar aure. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗiyar yayata, alhamdulillahi, kafin a buɗe makaranta ta dawo da karatunta, har tana biya wa ƙanenta.

Gwamnati da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha suna da nasu nauyin, tsaron makarantu da shirin darussan rediyo tun kafin buƙata ta taso, kuma ba za mu daina tuna musu ba. Amma aikin wannan makon namu ne. Ka kira yaro ɗaya ɗan aji uku a gidanku, ka rubuta masa kalma biyar na Hausa, ka ga ko zai karanta. Abin da ka gani ka rubuto mana a ƙasa, da sunan garinku, za mu karanta wasu a shiri na gaba.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Zamfara, ya raya mana yaranmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.